Zanen Goyon da Ya Je Gwanja Ya Dawo

Zuwa ga Madugu uban fatake, shugaban ayarin Gwanja mai sauka a zangon Tibiri.

Bayan sallama irin ta Musulunci da gaisuwa da ban girma, ina yi maka barka da sauka, barka da hanya. Ina gaida iyalinka da jama'arka, da fatan dabbobi sun murmure daga wahalar tafiya. Allah ya ja zamaninka.

Ni ce Kande mai daddawa, matar marigayi Idi, ta Dakoro. Ba ka san ni ba, kuma da a son raina ne da har in mutu ba ka ji sunana ba. Ban iya rubutu ba. Limamin unguwarmu ne ke riƙe da alƙalami, ni ina zaune bayan zana ina faɗa masa, don ba na iya haɗa ido da shi a kan wannan magana. Na roƙa a karanta takardar nan a kasuwar Dakoro ranar da take ci, a kuma karanta ta a zangonka kafin ku ɗaura kaya. A gaban jama'a aka kunyata ni, shi ya sa nake so jama'a su ji ta bakina. Tsohuwa kamata ba ta saba kai ƙara gaban maza ba, kuma ina jin nauyin abin har cikin ƙashina.

Ina da ɗa a Salaga, can ƙasar Gwanja. Ɗan farina ne. Ko wannan da na faɗa yanzu, ban taɓa faɗarsa da murya sama ba. Kai ma uwa ce ta haife ka, ka san yadda muke da ɗan fari. Ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna ana son sa, ba a kama sunansa. Nawa kuma kunyarsa biyu ce, don sunan surukina aka sa masa, mahaifin mai gidana. Tun ran da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi. Yaya yake ce mini, kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ni kuwa in dole ta sa sai na ambace shi, sai in ce Mai sunan baba. Duk duniya bakina kaɗai ke kiransa haka, shi ma ya sani. Da ya zama saurayi ya bi ayarinka yana kora jakuna. Ran da zai tafi ya zo ya durƙusa ƙofar ɗakina, na ce Allah ya kiyaye, na ci gaba da tankaɗen da nake yi. Sai da ya ɓace na shiga na rufe ƙofa. Ya je Salaga ya zauna, ya yi aure a can, bai ƙara takowa gida ba.

Bara waccan Jatau, tsohon falken garinmu, ya dawo da goro ɗan kaɗan cikin ganye da albishir, wai matar ta haihu, namiji. Ranka ya daɗe, jika ba shi da kunya. Jika miji ne, a zage shi, a yi masa tsiya, a ce ya kawo kuɗin cefane. Na ga ƙofa ta buɗe mini da ba ta taɓa buɗewa ba: abin da ba zan iya aika wa uban ba, sai in aika wa wannan sabon angon nawa, uban kuma ya gane. Duk daminar nan kaɗi na yi. Na kai zaren wa masaƙi, na kai marina aka rina shi baƙi wuluk, aka buga, ya fito zanen goyo wanda ba zan ji kunyar a ce daga gidanmu ya fito ba. Na haɗa da daddawar hannuna, da cuku da na saya wurin matan Bugaje da suka gangaro daga Azagor, da 'yar laya ta wuyan jariri. Duka-duka ƙwarya guda ta cinye su. A kan wannan ɗan ƙunshi nake kawo kuka, kuma zan jera maka shi yadda ya faru.

Na ɗaya, wahalar miƙa shi. Dokarka ce ba a ba kowa saƙo sai ta hannun wakilinka Bawa, wanda ke zuwa Dakoro sayen jakuna bayan girbi. Jatau a lokacin ya riga ya bi ta Kano sarin tufafi, bai ma san da saƙon ba. Na kai wa Bawa, ya ce ƙwarya fashewa take, in je a ɗinke cikin fata. Na biya baduku ya ɗinke. Kasuwa ta zagayo na koma, ya ce shi ba ya ɗaukar abin da bai gani ba, ya sa wuƙa ya farke ɗinkin nan a tsakiyar masu jakuna. Ya ɗaga zanen, ya shinshina daddawar ya yamutsa fuska, mazan wurin suna dariya. Abin da na ɓoye wata da watanni ko maƙwabciyata ba ta gani ba, ga shi a shanye kamar kayan talla. Ya ce to, a sake ɗinkewa. Na sake biyan baduku. Da na dawo aka ce ai ya wuce Sabon Maci. Na bi shi da ƙafa, ni da gwiwoyin nan nawa, ya ce in koma in jira shi a kasuwar Dakoro. Me ya hana shi ce mini tun farko in kawo a buɗe ya gani, sannan a ɗinke?

Na biyu, kuɗin. Ya ce ladan ɗauka wuri dubu biyu. Na ce to. Ya ce akwai fito a bakin Kwara, masu jirgi ba sa haye da kaya kyauta. Na ce to. Ya ce akwai gaisuwar sarakunan Bargu, in ba a ba su ba sai su tare hanya, akwai kuma na mai masauki a Salaga. Kafin ya gama lissafi abin ya kai dubu huɗu. Duk abin da ke cikin fatar nan, in aka ɗebe wahalar hannuna, bai kai rabin haka ba. Na tambaye shi yaya ƙunshin da yarinya za ta saƙale a hammata zai ci kuɗin fito daidai da kayan kanwa na jaki guda. Ya ce su kai suke ƙirgawa, babba da ƙarami duk kai ne. Ashe attajiri mai mangala cike da ni mai curin daddawa kuɗinmu ɗaya a bakin ruwa. Ban yi gardama ba, don gardamar za ta ja a tambaye ni wa nake wa wannan rawar jiki. Na kama akuyata, da cikinta, na kai kasuwa na sayar.

Na uku, kuma nan ne abin ya lalace. Da ya karɓi kuɗin ya ce, "Iya, wa za a ba?"

Maza sun fi goma a wurin, har da abokan marigayi mai gidana. Na sunkuyar da kai na ce, "Mai sunan baba za a ba. Shina Salaga, mutumin nan garin ne."

Ya ce, "An ji." Ya ƙulla igiya, ya shafa wa fatar alama, ya jefa ta cikin kaya, ya juya ga cinikin jakinsa.

Ranka ya daɗe, duk wanda ya sha nono a ƙasar Hausa ya san abin da ake yi in mace ta ce haka. Juyawa ake ga na kusa da ita a ce, wane ne take nufi? Kowa a wurin nan zai faɗa masa. Ko kuwa ya riƙe maganar yadda na ba shi, ya kai ta yadda take. Bawa bai yi ko ɗaya ba. Ni ma na so in ƙara bayani, in ce dogo ne, in ce ɗan Idi ne mai kora jakuna, amma bakin ya ƙi buɗewa. Na ja mayafi na kama hanyar gida ina gode wa Allah an rabu lafiya. Shekara guda na yi ina kwana ina tashi da zaton angona na bayan uwarsa cikin zanena.

Na huɗu, abin da ya faru a Salaga. Wannan ban gani ba, Jatau ne ya faɗa mini yadda ya ji daga bakin yaron nan da na Bawa, kuma a shirye yake ya maimaita a gabanka. Da ayari ya sauka, Bawa ya tsaya a zango yana shela wai ina Baba mutumin Dakoro. Kalma uku na ba shi, ya zubar da biyu a hanya, ya isa da ɗaya. Ba wani Baba na Dakoro a Salaga. Shi wanda nake nufi Dogo suke ce masa a can. Kuma ya zo zangon. Ya zo tun ranar farko, ya gaida mutane, ya kama musu sauke kaya don aikinsa ne na da. Wa ya sani ko da hannunsa ya sauke mangalar da ƙunshin ke ciki. Ya tambayi Bawa ko akwai wani abu daga gida. Bawa ya ce babu, sai na wani Baba. Da Bawa ya buɗe baki ya ce Mai sunan baba, da yaron nan ya san ko wace ce ke magana, ko da a tsakiyar kasuwa ne.

Dangin matarsa Gwanjawa ne, kuma suna ta zuba ido su ga abin da gidan miji zai aiko, don ya riga ya ce musu yana da uwa a raye, mai sana'a. Da ya ga ba komai, sai ya shiga kasuwa a ɓoye ya sayi zane irin na ƙasarmu, ya kai wa matar ya ce ga shi inji tsohuwarsa. Ɗana ya yi ƙarya don ya rufa mini asiri. Ni da ya kamata in rufa masa a gaban surukansa, shi ya tuɓe ya rufa mini. Tun da na ji wannan abinci bai ƙara yi mini daɗi ba. Na san da faɗar haka na tona abin da ya binne, don haka ina roƙon duk falken da ya ji takardar nan, don girman Allah, ya bar wannan magana a wannan gefen Kwara.

Jatau ya iso Salaga a makare, ana shirin juyowa. Sun haɗu da yaron nan ranar tashi, Jatau ya ce masa ko akwai saƙo zuwa gida. Sai ya ce, "Ka ce ma Yaya ina gaishe ta. Ka ce mata ba komi, na san ba ta saba ba."

Ba ta saba ba. Da zagina ya aiko da ya fi mini sauƙi. Kuma ba zan ga laifinsa ba, don me ya taɓa gani daga hannuna? Bai san sau nawa na zuba masa nama a ƙarƙashin tuwo na ba kakarsa ta miƙa masa kamar daga gare ta ba. Bai san wa ke tsayawa bayan danga in zazzaɓi ya kama shi ba. Haka aka koya mana, haka na yi, ban taɓa zaton zai ɗauke shi a rashin so ba. Sau ɗaya tak na miƙa hannu a fili, aka karɓi akuyata, aka ce masa babu.

Sai da suka haye Kwara a hanyar dawowa Jatau ya ji Bawa na mita a kan wani ƙunshi da ba mai shi. Ya tambaye shi wa ya ba shi. Ya ce wata tsohuwa mai daddawa a Dakoro. Jatau ya ce nan ya dafe kai ya yi salati, amma ruwa na bayansu, ba halin komawa.

Na biyar, dawowar. Wata kasuwa da ta wuce ina zaune gaban faifaina sai ga Bawa. Ya ajiye mini fatar a ƙasa. An farke ta, an ɗaure da igiya. Ba daddawa, ba cuku. Wai an buɗe a wurin masu karɓar gaisuwa sun ɗiba, saura kuma ya ba masu jirgi a bakin fiton dawowa. Zanen da layar ne suka rage, zanen na warin gumin jaki. Na sunkuya zan ɗauka. Sai ya ɗaga murya ya ce in biya ladan dawowa, wuri dubu biyu, tun da ni na ba da sunan banza na sa jakinsa ya yi dakon wofi. Mutane suka fara taruwa. Na ce masa a hankali ya yi haƙuri ya sake kai shi bana, ya kira yadda na faɗa masa.

Ya ce, "Ban ƙara ɗaukar saƙon wani mai sunan wane. Hwaɗi sunan yanka da bakinki kowa shi ji, in ba ki iyawa ki kwashe tsummanki."

Wata mai sayar da nono ta ce masa, "Kai wane irin mutum ne? Ɗan hwarinta ne fa." Wani a gefe ya buɗe baki zai faɗi sunan, Bawa ya ce shi daga bakin mai kaya yake so, kada gobe a ce ya canza. Samari suka fashe da dariya, ana cewa Iya faɗi mana, ba ya cizo. Na tsaya a tsakiyar kasuwar da na tsufa a cikinta, furfura a kaina, an kewaye ni kamar an kama ɓarauniya. Na ɗauki zanen na tafi, na bar faifan daddawa a wurin, sai maƙwabciyata ce ta kawo mini da yamma. Daga ranar ban ƙara shiga kasuwa ba. Ko rijiya sai na daidaici ba kowa.

Ban ce kai ka aike shi ya yi haka ba, ranka ya daɗe. Na san hanya da wuya, na san akwai 'yan fashi da ruwa da sarakuna masu dogon hannu, na san jaki ma ciyawa yake ci. Amma da sunanka ya karɓi kuɗina, da sunanka ya tozarta ni. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Garuruwan nan cike suke da tsofaffi masu 'ya'ya a Gwanja da Nufe da Borno, kowace na da ɗan abin da take so ta aika wanda bai fi tafin hannu ba, tsada da wulaƙanci sun sa ta haƙura.

Ga abin da nake roƙo. Ka yafe mini ladan dawowar nan, don ba ni da wata akuyar, kuma ba ni na ce a dawo da shi ba. Ka sa a sake ɗaukar zanen bana ba tare da sabon biya ba, tun da na farkon bai yi aikinsa ba. Daddawa da cuku na bar wa waɗanda suka ci, Allah ya sa sun ji daɗin miya. Ka duba maganar ƙirga kai, a haɗa ƙananan saƙonni a mangala guda a biya musu fito guda, kowa ya ba da rabonsa. Ka kuma ja kunnen mutanenka, in an ba su magana su kai ta cif yadda aka ba su, in ba su gane ba su tambaya. Kuma ina roƙo a damƙa ƙunshin a hannun Jatau, ko da doka ta hana, ya ba yaron nan daga shi sai shi, ba a gaban surukai ba. In matar ta tambaya a ce na biyu ne na aiko. Na san yanzu angon nawa ya yi ƙafa, ya wuce goyo. A shimfiɗa masa ya kwanta, ko a ajiye wa na bayansa.

Saura maganar suna. Wakilinka ya ce sai an faɗa, ayari kuma ya kusa tashi, ni kuwa ban san ko zan ga dawowarsa ba, don jiki ya fara ba ni labari. Liman ya ce in bari shi ya rubuta, ai ya san shi, shi ya raɗa masa ma. Ya ce ba sai na buɗe baki ba. Na ce masa a'a. In ya rubuta da kansa, Bawa ya samu abin da yake so, amma yaron nan bai samu komai ba. Zane ko a kasuwar Salaga akwai shi, ya ma riga ya saya. Abin da babu a can shi nake so a kai masa. Surukina da ke kabari ya gafarce ni, matan garinmu su ce abin da za su ce.

Allah ya tsare maka hanya, Madugu. Allah ya raba ka da ɗan fashi da mugun ruwa da ciwon dabba, ya kai ka Gwanja lafiya ya dawo da kai cikin iyalinka da riba mai albarka. Allah ya shirya Bawa, ya ba shi 'ya'yan da za su girmama shi.

Jatau, in kun isa, ka ce masa ba liman ya faɗa ba, ba maƙwabta suka faɗa ba. Ka ce masa Yaya ce ta faɗa da bakinta, liman na ji, aka karanta a kasuwa kowa ya ji. Saƙon na ɗana ne. Sunansa Sulaimanu.

Wassalam.

Kande mai daddawa, Dakoro.